Ga masu farautar fatalwa a tsofaffin coci-cocin Akra

Jama'ar zango, wata sabuwar sana'a ta shigo wa samarinmu ta TikTok da YouTube. Da zarar an ce ana jin motsi da dare a wani tsohon coci, sai a sayo na'ura mai fitilu a intanet, a haura katanga ƙarfe ɗayan dare, a yi ta raɗa ana "wa ke nan?" har wani abu ya buga a rufi, a zuba da gudu kyamara na rawa. Washegari bidiyo ya zaga Nima da Mamobi da Sabon Zango. Ra'ayina a kai ba shi da kwana: wanda bai san gini ba, ba shi da hurumin cewa ya binciki abin da ke cikin gini. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma sai an bi rijiyar da tulun kafin a ɗora wa aljani.

Mu Musulmi ba ma musun aljanu, sura guda ke ɗauke da sunansu a Alƙur'ani. Amma mamaci yana barzahu har ranar tashi, kamar yadda ya zo a Suratul Muminun, ba ya dawowa ya ja benci. Kuma babu malamin da ya taɓa cewa ana auna aljani da batir. To na'urar nan me take aunawa? Zan zo kanta.

Da farko izini. Coci wurin ibadar maƙwabtanmu ne. A Ista ta 2019 Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King da ƙafarsa, yana cika shekara ɗari, ta ƙofar gaba da rana tsaka. Ɗan zangon da ya haura katangar coci da dare yana zubar da wannan mutuncin ne, ban da cewa laifi ne a doka. A je wurin fasto ko fada da dattawan cocin, a karɓi izini a rubuce da rana da lokaci, a yarda tun farko cewa ba a taɓa bagadi, ba a hawa kaburbura, kuma su ne za su fara ganin abin da aka ɗauka.

Sannan mai gadi. Duk na'urar da za ku saya ba ta kai dattijon da ya shekara goma yana kwana a bakin ƙofar nan ba. Ku gaishe shi yadda ya kamata, ku tambaye shi shi kaɗai, kada a haɗa shi da mai shara ko 'yan waƙar coci, domin shaidu in sun zauna tare labarinsu yakan zama ɗaya. Kada ku ce "Baba, ka ga mace da farin kaya?" Kun riga kun sa masa amsa a baki. Ku ce: me ka ji, ƙarfe nawa, kana tsaye a ina, da damina ne ko da hunturu, akwai wuta ko an ɗauke? Amsar waɗannan biyun na ƙarshe sau da yawa ita ke warware rabin maganar.

Aikin gaske da rana ake yinsa, da awon tela da takarda. Gine-ginen nan sun tsufa. Holy Trinity da ke High Street an gama shi a 1894, Ebenezer na Osu a 1902, kuma duk ginin da ya kai waɗannan shekaru a Akra ya sha girgizar ƙasa ta 22 ga Yuni 1939. Ban ce ana jin wani abu a ɗayansu ba, misali na kawo na irin shekarun da ake magana. Gini mai shekara ɗari da ɗoriya a bakin teku, gishirin iska ya ci ƙarfen ƙyaurensa, gara ta shiga katakonsa, bango ya ɗan zauna. Ku zana taswirar wurin, ku sa alamar kowace taga da ƙofa, inda mita take, inda waya ta bi, inda taransifoma da janareta suke. Ƙofar da aka ce tana buɗe kanta, ku ɗora mata ma'aunin magina mai ruwa. In madogararta ta karkace ko da kaɗan ne, nauyinta kawai zai ja ta. Ku kunna turaren tsinke a gindinta ku ga inda hayaƙi ya nufa. A bakin teku iska na juyawa: da rana daga teku take zuwa, cikin dare ta koma daga tudu, shi ya sa ƙofar da ta wuni lafiya take motsi wajen asuba.

Rufi shi ne babban mai laifi. Kwano a ranar Akra yana iya wuce digiri 60, da dare ya sauko wajen 25. Alminiyam mai tsawon mita 10 in ya huce da digiri 30 yana tsukewa kusan milimita 7, ƙarfe kuma wajen 3 da rabi. Kusoshi sun riƙe shi, don haka ba ya tsukewa a hankali, sai ya tara ya saki, ya tara ya saki, daga wannan kusa zuwa ta gaba. A kunnen wanda ke ƙasa cikin duhu, takun mutum ne yana tafiya a silin. Alamarsa ita ce yana yawa daga magariba zuwa tsakar dare, yana ƙaruwa ranar da aka yi zafi sosai, yana raguwa ranar da aka wuni da hadari. Da hunturu kuma katako ne ke bushewa, bencina da matakalar hasumiya su yi ta ƙara.

Sai masu rai. Duk wanda ya bi ta gaban asibitin sojoji na 37 ya san Akra garin jemagu ne. Ƙananan cikinsu na son silin da hasumiyar ƙararrawa. Farar mujiya ma a nan take yin sheƙa, kukanta kamar ihun mutum, 'ya'yanta kuma suna huci kamar mai minshari. Ku duba ƙasa da rana: kashin jemage yana murmushewa a hannu, na ɓera yana da tauri, mujiya kuma tana amayar da dunƙulen gashi da ƙashi. Kada a hau silin ba takunkumin N95, ƙurar kashin jemage tana kama huhu, kuma a taka katakon da ke ɗauke da silin, kada a taka allon.

Yanzu na'urar. Wadda aka fi gani a bidiyo ita ce K-II mai fitilu biyar, ta ƙarshe tana kamawa a miligaus 20 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). An yi ta ne don maganaɗisun da wayar lantarki ke fitarwa, kuma wutarmu a Gana volt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, daidai abin da take nema. Tsohuwar waya a bango za ta kunna ta. Wayar salula a aljihu in saƙo ya shigo za ta kunna ta. Juya hannu kawai yana canja karatunta, don ta fuska ɗaya take ji. Gwajinta mai sauƙi ne: a kashe wayoyi a bar su waje, a ajiye ta a kan benci ba a hannu ba, a rubuta karatu, a kashe babban makunni na ginin, a sake rubutawa. Dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ma a nan ya yi rana. In fitilu sun mutu tare da wutar kamfanin lantarki na ECG, an gano aljanin.

Ma'aunin zafi mai jan ɗigo ba ya auna iska, fuskar abin da aka nuna shi yake aunawa, kuma wanda aka rubuta 12:1 a jikinsa in ka tsaya mita 6 daga bango yana haɗa faɗin rabin mita ne ya ba ka lamba ɗaya. Wanda ya ce ya sami "wuri mai sanyi" da shi, gilashin taga ya auna. Akwatin da ke tsallake tashoshin rediyo, wanda ake cewa fatalwa na magana ta cikinsa kuwa, a garin da FM ta cika da wa'azin dare da Turanci da Twi da Ga, dole ya furta kalma. Fararen ƙwallayen hoto ƙura ce da ta gifta kusa da filashi.

Abu biyu ne nake so a ɗauka da muhimmanci. Na farko sautin da kunne ba ya ji, wanda ke ƙasa da bugu 20 a daƙiƙa. A 1998 wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, ya wallafa yadda shi da abokan aikinsa suka riƙa jin tsoro da ganin inuwa a ɗakin gwajinsu, aka gano wata fanka ce ke fitar da sauti mai bugu kusan 19. Masana na gardama a kan ƙarfin tasirinsa, amma dubawa ba ta da tsada: kashe fanka da famfon ruwa da janareta ɗaya bayan ɗaya, a ajiye faranti da ruwa a ƙasa a ga ko fuskarsa na rawa. Na biyu shi ne mai kisa, wato iskar kabon monoksaid daga janareta. Ba ta da wari. A ma'aunin 200 cikin miliyan na iska (ppm) tana kawo ciwon kai cikin awa biyu zuwa uku, a 800 jiri da tashin zuciya cikin minti 45, kuma tana rikita gani da ji. Tun 1921 wata mujallar likitocin ido a Amurka ta buga labarin iyalin da suka yi ta jin taku da ganin mutane a gidansu, ashe murhun ɗumama gida ne ke yoyo. In mai gadi ya ce yana tashi da ciwon kai, ku manta da kyamara ku duba inda hayaƙin janareta ke bi. Ya kamata ya yi nisan mita 6 daga kowace taga, kuma na'urar ƙararrawar wannan iska ita ce ta farko da za a saya.

Daren kansa ba ya son taro. Mutum huɗu sun isa, biyu ciki biyu waje, kowa da agogon da aka daidaita da na sauran. Na waje su rubuta kowace tirotiro (motar haya) da babur da haushin kare da lokacinsu, na ciki su rubuta abin da suka ji ba tare da sun yi magana ba. Na'urar ɗaukar murya biyu, ɗaya a kowane ƙarshen zauren, a kashe musu abin da ke ƙara sauti da kansa, domin shi ne ke ɗaga shuru ya mai da shi raɗa. Wanda cikinsa ya yi ƙugi ya faɗa da ƙarfi a ɗauka. Ku zo da mutum ɗaya da ba a gaya masa komai game da wurin ba, don wanda aka ce masa kusurwar hagu ce, a kusurwar hagu zai ji. Haka wajen sauraro: a ba mutum uku, kowa shi kaɗai, ya rubuta abin da ya ji kafin a gaya masa abin da ake zato. In rubutunsu bai zo ɗaya ba, babu kalma a wurin. A maimaita aƙalla dare uku, ɗaya da wuta, ɗaya babu, ɗaya bayan ruwan sama.

Abin da ya rage bayan duk wannan, a rubuta shi yadda yake: ƙara ɗaya, ƙarfe 2:14, gefen hasumiya, ba a gano dalili ba. Kwafi ɗaya na dattawan cocin ne, tare da jerin abin da aka gani na gyara, wayar da ta tsufa, katakon da gara ta ci, da janaretan da ke buƙatar a matsar da shi daga ɗakin mai gadi.