Masu haɗa manhaja da tubala su ma suna buƙatar Git

Jama'a, akwai maganar da nake yawan ji daga bakin masu rubuta kod, wai wanda yake haɗa manhaja da tubala a Scratch ko App Inventor, ko yake jona akwatunan umarni da zanen waya a Node-RED, ba ruwansa da Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen aiki, tunda abin nasa wasan yara ne. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Tun 1986 injiniyoyi ke amfani da LabVIEW wajen sarrafa na'urorin gwaji, kuma da zane ake aiki a cikinsa. Wasannin da ake ginawa da Blueprint, tsarin jona akwatuna na manhajar gina wasanni ta Unreal, kuɗi ake sa wa a saye su. Aikin da mutum ya yi makonni a kansa, ko da hannu ya rubuta ko da linzami ya ja, ya cancanci a san wa ya canja me, kuma a iya komawa baya ranar da abu ya lalace.

Sai dai gaskiya Git ba don irin wannan aikin aka yi shi ba. Linus Torvalds ya ƙirƙire shi a 2005 domin kod ɗin Linux, kuma ƙarfinsa shi ne kwatanta rubutu layi bayan layi. Idan ka ba shi fayil ɗin .toe na TouchDesigner, manhajar sarrafa hoto da bidiyo, ko .vi na LabVIEW, ko .uasset na Unreal, zai ajiye maka, amma iyakar abin da zai iya gaya maka shi ne fayil ɗin ya canja. Kamar a kawo maka buhu a ɗinke ne a ce nauyinsa ba na jiya ba ne, ba ka san an ƙara ba ne ko an ɗiba.

Duk mai App Inventor ya gwada wannan yau. Sauke aikinka a matsayin .aia, ka canja ƙarshen sunan zuwa .zip, ka buɗe. Za ka tarar kowane allo yana da fayil biyu: Screen1.scm mai bayanin maɓallai da akwatuna, da Screen1.bky mai ɗauke da tubalan a tsarin XML. Rubutu ne zalla, an dai matse shi ne. Haka .sb3 na Scratch 3.0 da ya fito a 2019, a cikinsa akwai hotuna da sautuka da project.json. Amma idan ka buɗe project.json ɗin za ka ga aikin gaba ɗaya a layi ɗaya tal, mai tsawon da ba ya ƙarewa. A wurin Git, ko lamba ɗaya ka canja, layin nan duka ne ya canja.

To a nan ne ɗan shirin fitarwa yake da amfani. Aikinsa ya warware fayil ɗin, ya jera abin da ke ciki layi-layi, ya zuba a folda kusa da na asali. Wasu kamfanonin sun riga sun tanadi nasu. TouchDesigner yana zuwa da toeexpand da toecollapse, ɗaya ya warware ɗaya ya mayar. Node-RED kuwa tun 2018 ya sa Git a cikinsa, kuma za ka iya sa shi ya riƙa rubuta flows.json a jere yadda ido zai iya bi.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne kada a bar wa mutum tuna fitarwar. Zai yi yau, zai yi gobe, ranar da aiki ya matse shi zai manta, daga nan rubutun da ke Git ya daina dacewa da ainihin aikin. Wannan ya fi rashin rubutun muni, domin abokin aikinka zai karanta tsohon abu ya ɗauka shi ne sabo. Git yana da wurin da ake maƙala umarni mai suna pre-commit, wanda yake tashi da kansa kafin a ajiye kowane canji. A sa shirin a can, a manta da shi.

Kuma shirin ya zama mai tsafta. Waɗannan manhajoji suna ajiye inda kowane tubali yake zaune a kan allo. Ka ɗan matsar da shi don ya yi kyau, lambobin sun canja alhali aikin bai canja ba. Idan shirinka bai ware irin waɗannan ba, kuma bai jera abubuwa a tsari ɗaya kullum ba, za ka buɗe tarihi ka ga ja da kore, wato layukan da aka cire da waɗanda aka ƙara, sun cika allo, canjin gaske guda ɗaya ya ɓace a tsakiya. Nan da nan mutane za su daina dubawa.

Inda nake rabuwa da wasu masu zumuɗin wannan hanya shi ne batun haɗe aikin mutum biyu. Don ka iya karanta bambanci ba yana nufin Git zai iya haɗa maka ba. Idan Malam A ya goge tubali, Malam B kuma ya jona masa waya, Git zai iya haɗe rubutun lafiya lau ba tare da ƙorafi ba, amma wayar tana nuna abin da babu. Shi ya sa LabVIEW yake da LVCompare da LVMerge nasa na kwatantawa da haɗewa, shi ya sa kuma masu Unreal da yawa suke kulle fayil a Perforce (wata manhajar ajiye tarihi) ko Git LFS (ƙarin Git na manyan fayiloli) har mai aiki a kai ya gama. Shawarata ita ce a ajiye fayil na asali tare da rubutun, a ɗauki rubutun a matsayin abin karantawa, a raba aiki ƙanana-ƙanana kowa da ɓangarensa. Kada a yar da na asali sai an gwada mayarwa an ga ta buɗe daidai.

Abin ya shafe mu kai tsaye. A cibiyoyin da ake koya wa yara da matasa kwamfuta a nan Arewa, da tubala ake farawa, kuma aiki yana yawo ne a filash da WhatsApp, da sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshe 2" da "na ƙarshe na gaske". Filash ya ɓata ko ya kwaso cuta, aikin zango ya tafi. Git kuwa ba ya buƙatar intanet don ajiye tarihi, a kan kwamfutar yake yi, sai ranar da aka samu data a tura GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git a intanet.

Don haka roƙona ga malamai 'yan uwana, kada ku jira sai ɗalibi ya kai ga rubuta kod da Python kafin ku nuna masa Git. Ku rubuta shirin warwarewar sau ɗaya, bai wuce 'yan layuka ba, ku sa a kwamfutocin aji. Ku sa yarinya ta canja tubali ɗaya a wasanta, ta ajiye, sannan ku buɗe mata tarihin ta nemo layin da ya canja da kanta.