Wai inci nawa ne a tu-bai-fo?

Don Allah 'yan katako, wane tef kuke awo da shi? Rumfar awaki kawai mutum yake so ya kafa a bayan gida, ya je ya sayi tu-bai-fo (katakon nan da ake cewa kaurinsa inci biyu, faɗinsa inci huɗu) guda goma a shago ɗaya, kuɗi ɗaya, ya biya mai kura ya kawo, a sauke a ga ba guda biyu da suka yi daidai! Wannan faɗinsa inci uku da rabi, wancan uku ma da ƙyar, wani ya fara da kauri ya ƙare a sirance kamar jelar ɓera. An ce tsawo ƙafa 12, ka auna ka samu 11 da 'yan kai, ina sauran ya tafi, gara ce ta cinye a hanya? Tu-bai-tu kuwa kana buga masa ƙusa ya tsage gida biyu. Ga ɗanyen katako da ake rantse maka ya bushe, rana ta doke shi sati guda ya lanƙwashe ya tsuke, kwanon rufi ya ɗaga baki, damina na zuwa ruwa ya samu hanya. Kafinta ya wuni yana fere wannan, yana cusa guntaye ƙarƙashin wancan, kuɗin aiki na hawa. Ka koma ka yi ƙorafi, a ce maka "Alhaji, haka injin ya yanko." To kuɗina da kuka ƙirga cif-cif, shi ma injin ne ya yanko?