Fasasshen laburare a cikin aikin mutane

'Yan'uwa matasa masu rubuta manhaja, abin da ke yawo a rukunoninmu na WhatsApp kwanakin nan ya isa haka. Mutum ya ɗauko laburare (kod da wani ya riga ya rubuta don a saka cikin manhaja) da ake sayarwa a CodeCanyon, kasuwar kod ta kamfanin Envato, an cire masa layin duba lasisi, ya watsa, sai ka ga ana ta "Allah ya saka da alheri". Alherin me? Wani ya kwashe shekaru yana rubuta kod ɗin nan, da kuɗin lasisin yake ci, da shi yake gyara kurakurai. Kai kuma ka karɓi kuɗin mai aiki cif, ka cusa masa kayan sata bai sani ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya fasa laburaren ba don Allah ya yi ba. Ƙwayar cutar WP-VCD, wadda Wordfence, masu tsaron shafukan WordPress, ta yi rahoto a kanta a 2019, ta cikin irin waɗannan fasassun kaya ta shiga shafukan WordPress: ta buɗe wa kanta ƙofar baya, ta cika shafi da tallace-tallace. Ga shi fasasshe ba ya samun sabuntawa, don sai da mabuɗi ake ba da ita, ramin da aka toshe wa kowa naka yana nan a buɗe.

Wanda ya saya ma bai tsira ba in bai karanta ba. Ƙaramin lasisin Envato na aiki ɗaya ne. Ka saya sau ɗaya ka zuba wa mutum goma, sata ce. iText, laburaren sarrafa PDF, yana ƙarƙashin lasisin AGPL: ko ka buɗe kod ɗinka, ko ka biya. Lasisin MIT da ake ce wa kyauta, sharaɗinsa kada ka goge sanarwar haƙƙin mai shi, amma ita muke fara gogewa. Wata uku da fara koyo, mutum ya laƙaba wa kansa "babban injiniya", ko fayil ɗin lasisi bai taɓa buɗewa ba!

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kamfanin Artifex ya maka Hancom na Koriya ta Kudu a kotun Amurka kan karya lasisin manhajarsa ta Ghostscript, sai sulhu aka yi a 2017. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta haɗa da manhajar kwamfuta.

Ku masu sayar da naku, ku sa wa lasisi hannu da Ed25519, wato tsarin sa hannu na dijital mai mabuɗi biyu, mabuɗin sirri yana wurinku, na fili kaɗai a cikin laburare, ku ɗaure shi da adireshin shafi da ranar ƙarewa. Rikita kod jinkirta ɓarawo kawai yake yi.

A da, almajirin sana'a kunya yake ji a ce ya ɗauki kayan wani bai tambaya ba. Yau Syncfusion, kamfani mai sayar da laburare, na ba da lasisi kyauta ga ƙaramin kamfani da kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan 1 a shekara ba, amma cike fom ɗin ma ya gagare mu, mun gwammace fasasshe.