Kaikal ya sauya kaki an yafe masa, mai kadamol kuma yana tsare a irtikaz

Akwai wata magana da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp a Gadarif da Kasala na gabashin Sudan, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne dattawa ke tura ta. Wai duk saurayin da ya naɗa kadamol, ƙyallen nan da ake rufe kai da fuska da shi, a wannan lokaci, shi ya ja wa kansa duk abin da ya same shi a irtikaz, wato shingen bincike na jami'an tsaro, domin mai gaskiya ba ya rufe fuska. Ka gangara ƙasa kaɗan a zauren, sai ka tarar mai wannan wa'azi shi ne ya turo hoton Abu Aƙla Kaikal cikin kakin soja, har da addu'ar Allah ya ƙara masa nasara.

Tunda mantuwa ta yi arha, bari mu tuna wane ne Kaikal. Shi ne kwamandan Da'am Sari', wato dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan, da ya shiga birnin Madani a Disambar 2023, aka damƙa masa jihar Jazira, jama'a suka bar gidaje da gonaki suka kwararo gabas, wasunsu har yau suna rakuɓe a gidajen dangi. A Oktoban 2024 ya tsallako ɓangaren sojoji, aka yi masa afuwa. Ba a cika wata uku ba, a Janairun 2025, aka far wa ƙauyen Tayba na 'yan ƙwadagon gona, kuma Human Rights Watch ta ɗora alhakin a kan dakarunsa na Dir'us Sudan, ta ce an kashe aƙalla mutum 26. Mutumin bai sauya ba, hannunsa bai sauya ba. Launin kaki ya sauya, mu kuma muka sauya addu'a.

Manyan ƙasar nan sun daɗe da gane cewa muna karanta riga fiye da yadda muke karanta aiki. Numairi ya zo a 1969 da kaki, 'yan gurguzu na dafe da bayansa. Da ƙasa ta fara zame masa, a Satumbar 1983 ya ƙaddamar da dokokinsa na shari'a, ya koma fitowa da jalabiya da rawani, ana yi masa mubaya'a a matsayin imami. A cikin wannan sabuwar shiga aka rataye malamin addini Mahmud Muhammad Taha a Janairun 1985, wata uku kafin jama'a su kifar da mulkin. Bashir ya fi shi iya wasan. In yana son tsorata ka, ga kaki da lambobin girma jere a ƙirji. In yana son ƙuri'arka, ga farar jalabiya da imma da markub, wato rawani da takalmin fata, yana ɗaga sanda sama yana taka rawa kamar kawun ango a gidan biki. Shekara 30 muka yi muna kallon wannan rawa, har bayan da kotun duniya ta ba da sammacinsa a 2009. Ko ranar da aka gurfanar da shi a Agustan 2019, a cikin keji, farar jalabiyar da rawanin ya saka, ya bar kakin a gida, saboda ya san wanne ne ke jawo tausayi.

Na yanzu ba su ƙirƙiro komai ba, tela kawai suka canza. Da Burhan, shugaban sojoji, ya samu fita daga hedikwatar soja a Agustan 2023, tafiyarsa ta farko zuwa Masar da kwat ya yi ta, ya ajiye kakin da muka saba gani, kuma da kwat ɗin ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a wata mai zuwa. Wannan shi ne mutumin da ya rushe gwamnatin riƙon ƙwarya a ranar 25 ga Oktoban 2021. Hamidti, shugaban Da'am Sari', bai bari an bar shi a baya ba. Daga ƙarshen Disambar 2023 zuwa Janairun 2024 ya zagaya Yuganda da Habasha da Kenya da Afirka ta Kudu cikin kwat mai tsada, ana karɓarsa kamar shugaban ƙasa, ya zauna da tsohon firaminista Hamdok a Addis Ababa suka sa hannu a takarda. A lokacin jinin kisan da dakarunsa suka yi a Ardamata ta Darfur bai bushe ba, Madani kuma ba ta yi wata guda a hannun mutanensa ba. Duk da haka sai da aka samu 'yan boko da suka kalli hoton suka ce ai mutumin ya shirya wa siyasa. Bayan shekara guda Amurka ta ce dakarunsa sun yi kisan ƙare dangi, ta saka masa takunkumi, bayan 'yan kwanaki ta saka wa Burhan nasa. Kwat bai ceci ko ɗaya ba a can, a nan ne kawai yake aiki.

To yanzu mu koma kan yaron da ke tsaye a irtikaz. Kadamol ƙyalle ne mai tsawo da ake naɗewa a kai a rufe hanci da baki, kuma mutanen Darfur da Chadi suna amfani da shi tun kafin a haifi kakan Hamidti, saboda ƙura da rana da sanyin dare. Makiyayi na naɗa shi, direban babbar mota na naɗa shi, mai yankan riɗi a gonakin Gadarif na naɗa shi. Mayaƙan Minnawi da na Jibril Ibrahim, tsofaffin 'yan tawayen Darfur, waɗanda suka tsaya tare da sojoji a Fashir, su ma shi suke naɗawa, kuma shugabanninsu na zaune a gwamnati. Idan ƙyallen ne shaidar laifi, sai a fara kamen daga can. Ba za a fara ba, domin kowa ya san ba ƙyallen ake dubawa ba. Ana duba fuskar da ke ƙarƙashinsa, da harshen da ya fito daga bakin, da sunan garin da ke jikin takardar shaida. Shi ne abin da mutane ke kira dokar baƙin fuskoki, wadda masu kare haƙƙi suka yi ta kuka a kanta tun da yaƙin ya watsu.

Kuma a ce Bahaushe ne ke tafa wa wannan. Mu da kakanninmu suka kafa garin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi da Turawa, muka yi fiye da ƙarni muna noma ƙasar nan, amma har gobe akwai ofishin da za ka shiga neman lambar ɗan ƙasa a tambaye ka asalin kakanka. Mu da aka kashe mana mutane a jihar Nilu Shuɗi a Yulin 2022, aka sake a Wad al-Mahi a Oktoba, a kan maganar wai mu baƙi ne ba mu da ƙasa. Wanda ya tsaya a shinge yana tantance amintacce da kallon tufa, ran da ya gama da kadamol hularmu zai duba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ruwa ake shafa wa naka, ba fetur ake miƙa wa mai ashana ba.

Za a ce ai yaƙi ake yi, dole jami'i ya ga fuskar mutum. Gaskiya ne, ya ce masa ya buɗe, ya gani, ya duba takarda, ya sallame shi. Wannan minti ɗaya ne, ba mako biyu a tsare ba. Wasu kuma za su kawo farin tob, mayafin matan Sudan, na Ala'a Salah a kan mota lokacin zanga-zangar adawa da Bashir a Afrilun 2019, su ce ga shi tufa na faɗin gaskiya. Tob ɗin malamai mata da ma'aikatan ofis ne, ya yi kyau a hoto, amma bai hana a tarwatsa zaman dirshan na masu zanga-zangar a ranar 3 ga Yuni ba, kuma waɗanda ke riƙe da mulki a ranar su ne masu kwat ɗin da na ambata.

Abin yi ba shi da wuya. Sarakunanmu da limamanmu, maimakon su riƙa gargaɗin samari a kan abin da za su ɗaura a kai, su je wurin kwamitocin tsaro su nemi sunayen waɗanda ke tsare da laifin da ake tuhumarsu. Lauyoyinmu kuma su tambayi sashen doka. A zamanin Bashir, da aka kama Lubna Husain a 2009 saboda wando, akwai sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991, da bulala 40 a rubuce, shi ya sa ta iya saka wandon nan ta shiga kotu da shi, ta kunyata gwamnati a idon duniya, har aka zo aka soke dokar tsarin jama'a a Nuwambar 2019. Wannan ta yanzu, ta baƙin fuskoki, ba ta da lamba, ba ta da alƙali, sai abin da mai bindigar da ke bakin hanya ya ga dama.