Ƙarfen da ya daskare amma bai gama zama ba

Duk sanda aka ɗauko zancen ƙarfe mai tsarin gilashi, ƙarfinsa ake ta zuzutawa. Ni kuwa a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba.

Narkakken ƙarfe in ya huce a hankali, ƙwayoyin zarrarsa jeruwa suke yi sahu-sahu. A 1960, Pol Duwez da ɗalibansa a jami'ar Caltech ta Amurka suka sanyaya haɗin zinare da silikon da saurin kusan digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Ƙwayoyin ba su sami sukunin jeruwa ba, suka sandare a hargitse kamar na gilashi, wannan shi ne ƙarfe mai tsarin gilashi. A farkon shekarun 1990 kuma, William Johnson da Atakan Peker suka samar da wani haɗin ƙarafa mai suna Vitreloy, wanda ko da saurin kusan digiri ɗaya a daƙiƙa aka sanyaya shi, gilashin zai zama.

To amma sandarewar ba ta nufin an gama. Ƙwayoyin suna ci gaba da neman mazauni, kamar gero a buhu: girgiza kaɗan sai ya ƙara lafawa. Lafawar iri biyu ce. Babbar, da ake kira alfa, ita ce sauya wurin da ƙwayoyin ke yi a gungu, wadda ke sa ruwan ƙarfen ya gudana. Tana rage sauri yayin da zafi ke sauka, har ta kai tana ɗaukar wajen daƙiƙa 100, a nan ake cewa ruwan ya zama gilashi. Ƙaramar, beta, motsi ne na nan da can da ba ya tsayawa ko bayan daskarewa. Masana biyu, Johari da Goldstein, sun bayyana irinta tun 1970. Abin mamaki, har yau masana na jayayya kan dalilin da ya sa ruwan ke yin kauri haka farat ɗaya.

Masu cewa wannan binciken ɓata kuɗi ne, ku leƙa cikin taransifoma. Akwai waɗanda ake naɗa cikinsu da siririn falle na wannan ƙarfe, mai kaurin kusan maikiromita 25 (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), haɗin baƙin ƙarfe da silikon da boron, kuma wutar da ke salwanta a cikin nasu kan ragu da wajen kashi 70 cikin 100 in aka kwatanta da taransifoma na yau da kullum. Sai dai bayan naɗi dole a gasa fallen, ƙwayoyin su lafa, maganaɗisunsa ya gyaru. Wannan lafawar dai ita ce ke cinye 'yan guraben da ke barin ƙarfen ya lanƙwasa. Gashi ya ɗan zarce, fallen da ɗazu ake naɗewa cikin sauƙi sai ya riƙa ɓarewa a hannun ma'aikaci, ɓurɓushinsa na zuba cikin man taransifoma. Injiniyan da ke tsayar da zafin gashin da tsawon lokacinsa, da sakamakon wancan binciken yake aiki, ko ya sani ko bai sani ba.