Awa biyu ba su isa Olimfiya ba

Da yawa daga cikin manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke zagaya gaɓar Girka suna yada zango a Katakolo, wani ɗan ƙauyen bakin teku a yammacin ƙasar. Ba don ƙauyen ake tsayawa ba. Daga nan ne bas-bas ke kwasar mutane, tafiyar kilomita 30 da ɗoriya, zuwa kufan Olimfiya, inda aka fara gasar Olamfik a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na je wurin ta wannan hanya, kuma har yau yadda ake tsara ziyarar yana damuna.

Jirgi ya zo da safe, da yamma zai tashi. A cire lokacin sauka, a cire zuwa da dawowa, a cire tsayawa a shagunan tsaraba, abin da ke saura wa kufan bai taka kara ya karya ba. Jagora na gaba da tuta a hannu, jama'a na binsa a guje, kowa ya ɗaga waya. In aka yi rashin sa'a jirage biyu ko uku suka haɗu rana ɗaya, ko muryarsa ba ka ji.

Alhali Olimfiya wuri ne da ido kaɗai ba ya fahimta. Duwatsu ne zube a ƙasa, sai an ba ka labarinsu. Manyan ginshiƙan ɗakin bautar Zeus, babban abin bautar tsoffin Girkawa, da ke kwance gunduwa-gunduwa, girgizar ƙasa ce ta kayar da su a ƙarni na 6, daga baya ambaliyar kogunan Alfeios da Kladeos ta binne komai da laka, sai a 1875 Jamusawa masu binciken tarihi suka shiga tono gadan-gadan. Wanda bai san wannan ba, tarin dutse kawai zai gani ya wuce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana dab da mashigar filin tsere. Akwai jerin dandamalin dutse guda 16. A da gumakan tagulla ne a kansu, kuma da kuɗin tarar da aka ci 'yan wasan da suka yi maguɗi ko ba da cin hanci aka ƙera su. Duk ɗan wasan da zai shiga fili sai ya ratsa ta gabansu ya ga abin kunyar waɗanda suka riga shi. Mutanen nan fa kyautar zakaransu a filin kambin ganyen zaitun ce, amma dubi yadda suka ɗauki ha'inci da zafi. Mafi yawan 'yan jirgi suna wuce duwatsun nan ba su ko waiwaya ba, saboda ana sauri a shiga fili a yi hoton gudu a kan hanyar tseren mai tsawon mita 192. Wallahi abin ya ba ni takaici.

Wani zai ce ai wurin gumaka ne, me za a tsaya gani? Ba bauta ta kai mu ba. Mun je ganin yadda al'ummar da ta yi fiye da shekara dubu tana taruwa duk bayan shekara huɗu, ana tsere da kokawa da dambe, ta shuɗe ta bar kufai. Wannan abin tsayawa a yi tunani ne, kuma tunani ba ya yiwuwa ana ƙirga maka mintoci.

Sai gidan adana kayan tarihi, wanda shi ake fara yankewa in lokaci ya ƙure. A can aka ajiye ɗan ƙoƙon da aka tono a maƙerar Fidiyas, gwanin da ya sassaƙa gunkin Zeus da ake lissafawa cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya, da sunansa a rubuce a gindin ƙoƙon.

Ban ce kada a je da jirgi ba, ga mutane da yawa ita ce damar da suke da ita. Amma kafin ka biya, tambayi minti nawa za a yi a cikin kufan, kuma ko gidan tarihin na ciki. In tsarin bai yi maka ba, ku haɗa kuɗi ku ɗauki tasi da sassafe kafin bas-bas su iso, da ruwa da hula, don ranar bazara a can ba ta wasa ba ce. Sai dai ku dawo da wuri, domin jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa.