Albashi ya ƙaru a takarda, aikin ya bar gari

Ranar da aka sanar cewa mafi ƙarancin albashi a Nijar zai tashi daga sefa 30,047 zuwa jika 42 a farkon 2024, har goro na saya wa abokan aiki. Shekara goma sha biyu muna kan tsohon kuɗin, tun 2012. Ashe murnar ba tamu ba ce.

Ba a yi wata uku ba mai gida ya tara mu a bakin ƙofar masana'antarmu a nan Maraɗi, ya ce wuta ba ta tsayawa, gazuwal ya cinye riba, kayan Najeriya sun karya kasuwa tun da naira ta faɗi. Saboda haka wanda ke so ya dawo ɗan aikin yini, wanda ba ya so Allah ya raka taki gona. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya a kan inji guda, babban ɗan yatsana na hagu bai ƙara lanƙwasuwa ba saboda shi, yau ni ake ce wa in zo da safe a gani ko akwai aiki!

Ban ce ƙarya ya yi ba. Kowa ya sha duhun 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta. Amma me ya sa kullum a wuyan lebura asara take sauka?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne kirarin nan da ake yi wa Maraɗi na cibiyar kasuwancin Nijar. Kasuwancin me? Tirela ta sauke, tirela ta ɗauka ta nufi Ɗan Isa, bakin iyakar Najeriya. Garin da gyaɗa ta gina, yau man girki a jarka ake kawo mana daga waje. Damagaram ta samu matatar mai a 2011, Malbaza na da siminti, Yamai ta kwashe sauran. Alhazanmu kuwa gara su gina sito na goma da su kafa inji ɗaya, domin sito ba ya neman albashi.

Mu bakwai muke a sashenmu. Biyu sun tafi haƙar zinariya a Jado, ɗaya yana Aljeriya, ɗaya tun tafiyarsa Libiya ba labari. Ni ina kabu-kabu da babur ɗin aro, kuma jiya abin da ya rage mini bayan kuɗin mai da na mai babur bai kai tiyar hatsi ba.